Ranar da Ladi Ba Ta Zo Ba

Kafanchan,
14 ga Maris, 1977.

Zuwa ga ƙanena Silvanus, a Legas.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Roseline da yara. Mu nan mun gode Allah. Emilia tana fama da gwiwarta kamar kullum. Ni kuwa likita ya hana ni gishiri, wai jinina ya hau. Na ce masa ba gishiri ya hau da shi ba, mutane ne.

Da Hausa nake rubuta maka, domin Turancina na bar shi a kan teburin ofis ranar da aka sallame ni, yarenmu kuwa ba wanda ya koya mana rubuta shi.

Ka dubi kwanan watan da ke sama. Yau shekara shida cif da ranar da aka buɗe sabuwar majami'a a Kwoi. Kai ka manta, na sani. Wanda ya taka mutum ba ya tunawa, sai wanda aka taka. Na ajiye motata a gindin mangwaro, bakin ƙofa, inda na saba ajiye ta. Sai ga mai shirya wurin zama, mutumin da ni na koya masa riƙe fensir, ya zo ya ce, "Baba, a ɗan matsa da tsohuwar nan baya, Oga Silvanus yana zuwa da sabuwa." Na matsa. Na kai ta bayan majami'a, kusa da inda mata suke dafa shinkafa. Da ka fito daga taka, ka hango ni ina zagayowa da ƙafa, sai ka ɗaga murya ka ce, "Yaya, har yanzu Ladi tana tari?" Kowa ya yi dariya, har Fasto.

Ni ne na fara kawo Marsandi ƙasarmu, a 1963, ina sufeton makarantu. Mutanen Ungwan Tsauni suka sa mata suna Ladi domin ranar Lahadi ta fara isa mararrabar garinsu. A lokacin kai kana sakandare, da takalman da na gaji da su. Kakanninmu wa da ƙane ne, amma ban taɓa lissafa nisan zumuncin ba, domin mahaifiyarka Mama Martha ce ta goya ni sa'ad da tawa ta rasu, tana amarya, tun ba a haifi ko yayanka Andrawus ba. Da kuɗin cittarta ta sa ni makaranta. Saboda ita na ɗauke ka ƙane. Saboda ita kuma na haɗiye dariyar nan shekara shida.

Yanzu ga magana. Bayan shekara biyu ina zirga-zirga, sun sakar mini hakkina na barin aiki. Shekara talatin da ɗaya na yi wa gwamnati, a rediyo na ji an sallame ni, amma bari wannan. Na yi niyyar rabuwa da Ladi. Sitiyarinta yana hannun dama, tun da aka sauya hannun tuƙi kuwa in zan wuce lori sai Emilia ta leƙa mini hanya, ita da ba ta gani sosai. Kuma ba Marsandi zan sake saya ba, kada a ce kwaikwayonka nake yi. Marsandi ta zama ta kowa, ɗan kwangila da mai sayar da siminti duk suna da ita. Volvo nake so. Wannan motar masu ilimi ce, likitoci da alƙalai da malaman jami'a. Na yi shekara guda a Ingila ina karatu, ba a share wannan a rediyo ba.

Ba shawara nake nema ba. Na ga dai ya kamata ka sani.

Na ga Mama Asabar ɗin farkon watan nan. Ta sauko mararraba da ƙafarta ta ba ni daddawa. Ta rame kaɗan, amma bakinta yana nan.

Yayanka,
Bartholomew Sambo.


Legas,
2 ga Afrilu, 1977.

Yaya Malam,

Na gaishe ka da girmamawa, na gaida Mama Emilia. Allah ya sauƙaƙa gwiwar. Mu duka lafiya, sai zafin Legas da cunkoson motoci. Roseline tana gaisuwa.

Yaya, takardarka ta hana ni cin abinci. Allah ya sani ban tuna na faɗi maganar nan ba, amma tunda ka riƙe ta, na faɗa. Wasa ne irin na ƙane. A Ungwan Tsauni kowa yana cewa Ladi tana tari, saboda ƙarar injin dizal ɗinta, kuma da ƙauna suke faɗa. Ban san an sa ka matsa ba. Ka gafarta mini. Motar da ta jawo wannan ma tana kwance a gareji, yanzu an ce ma'aikata su rage ƙawa, Fijo nake shiga kamar kowa.

Ka ce ba shawara kake nema ba, amma zan yi karambani. Kada ka rabu da Ladi. Volvo mota ce mai kyau, ba ni da abin cewa a kanta. Sai dai Ladi ba taka ce kai kaɗai ba. Ka tuna yadda abin yake. Mota ba ta hawa garinmu, mil uku ne na duwatsu daga titi. Shekara goma sha huɗu, duk Asabar ɗin farkon wata, kana tsayawa a mararrabar ɗorawa ka danna hon, biyu gajeru, ɗaya dogo. Mai ciwo, mai ciki, wanda maciji ya sara, a nan ake jiranka. Kuma ka san mutanenmu ba sa zama bakin titi. Bayan ɗorawa suke shiga, cikin duhuwa, ba sa fitowa sai sun ji tarin Ladi sun ga baƙin jikinta. A wurinsu babbar mota baƙuwa ba ta kawo alheri: ko haraji, ko 'yan sanda, ko masu tambayar gumakan ƙasa. Andrawus ya fi kowa tsoro yanzu. Bara ya haƙo wani kan gunki na yumɓu a gonar citta, ya ɓoye shi ƙarƙashin rumbu, wani ya gaya masa wai ɗauri ne. Na rubuta masa cewa ya kai wa hukuma kawai, ba abin da za a yi masa, bai yarda ba.

Idan sitiyari ne damuwa, akwai makanikai a Kaduna masu juya shi. A yi mata fenti, a sa sababbin tayu. Mutum irinka ba ya bukatar sabuwar mota kafin a san ko shi wane ne. Ladi ta dace da kai.

Zan zo bikin Bernice, 'yar Eli, a Kwoi, farkon Yuni. Sai mu zauna mu wanke maganar nan baki da baki.

Ƙanenka,
Silvanus.


Kafanchan,
18 ga Afrilu, 1977.

Silvanus,

Muna lafiya. Ruwan farko ya sauka ranar Alhamis.

Na karanta takardarka sau uku. Na gode da aka tuna mini matsayina. Ladi ta dace da ni, haka ne. Tsoho da tsohuwa, korarre da mai tari. Kai da ka gaji da Marsandi har ka jingine ta a gareji, kai ka san abin da ya dace da kowa. To, na ji. Ladi tana nan, ni ma ina nan, za mu ci gaba da aikin motar asibiti kyauta har mu mutu, tunda wannan ne amfaninmu. Ka kwantar da hankalinka.

Sai mun haɗu a Kwoi.

B. Sambo.


Legas,
26 ga Mayu, 1977.

Yaya Malam,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata jinin ya sauka. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce Ladi tana nan. Na san da ɗaci ka rubuta, amma na gode da ka saurari ƙaninka.

Ina rubutu cikin gaggawa. Abu biyu ne. Na ɗaya, ba zan samu zuwa bikin Bernice ba, an tura ni Fatakwal mako biyu, na roƙa sun ƙi. Ka ba Eli haƙuri.

Na biyu shi ne babba. Nicholas, direban da ke kawo citta daga Kwoi, ya iso jiya da saƙon Andrawus. Mama ba ta da lafiya. Ruwa ya dake ta a gona, tun daga nan tari da ciwon haƙarƙari, ba ta iya kwanciya ta gefen hagu. Sun yi na gida bai ji ba. An ce a kai ta asibiti ta ƙi, wai ba mai kai ta sai Bartho. Ka san ta.

Nicholas zai koma gobe ta hanyar Keffi, ba zai bi Kafanchan ba, shi ya sa na sa wannan a gidan waya. Na ba shi saƙo ya gaya wa Andrawus su sauko da ita mararraba ranar Asabar, huɗu ga Yuni, tun da safe. Na ce su jira Ladi, kada su kuskura su ɗora ta a lorin kasuwa, girgizar za ta ƙarasa ta. Ko takardar nan ta makara ban damu ba, tunda Asabar ɗin farkon wata ce, kuma hanyarka ce ta zuwa biki. Ka juya da ita Kafanchan tukuna, biki ya jira.

Na bar ta a hannun Allah da hannunka.

Silvanus.


Kagarko,
Lahadi, 5 ga Yuni, 1977.

Silvanus,

Gaisuwa. Ina lafiya. Emilia tana gida, gwiwa ta hana ta biki. Tun takardarka ta Afrilu ban sake ji daga gare ka ba, kuma jiya ban gan ka ba. Wanda ya ce zai zo mu wanke magana baki da baki, ko saƙon baki bai aiko ba. Ba komai. Zan ba ka labarin abin da ka ƙi zuwa ka gani.

Na saya. Makonni biyu da suka wuce na kai Ladi Jos, na bar ta wurin dillali, na dawo da Volvo fara sol, mai iyakwandishan, gilashinta da ɗan duhu. In ka tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Na sa ta a gareji na rufe da tamfol. Emilia ta ce, "Malam, ka aika gida ka gaya musu?" Na ce, "In na gaya wa Andrawus yau, gobe Kwoi ta ji, jibi Legas." Ta ce, "To, in Legas ta ji sai me?" Na ce mata ta kula da gwiwarta. So nake ka gan ta da idonka, a gindin mangwaron nan, ba labari ba.

Kada ka ce na manta da aikina. Na tsaya a mararraba wajen ƙarfe tara. An yi ruwa da asuba, gefen titi duk taɓo. Na danna hon yadda na saba, na jira. Ba kowa. Na sake dannawa. Ko kare bai fito ba, sai wata shuɗiyar buta a kan saiwar ɗorawa, ta wani mai kiwo ina ji. Ban sauka ba, ina sanye da fararen takalma da kwat ɗin da na ɗinka don ranar. Ka ga mutanen da ka ce ba za su rayu ba sai da ni. Lokacin shuka ne, kowa yana gona, ba wanda ya tuna da Bartholomew. Na ja motata.

A Kwoi kuwa, da na shigo harabar majami'a, hira ta tsaya. Mutumin nan mai shirya wurin zama, shi dai, ya rugo yana kaɗa hannu, ya kori wata Fijo daga gindin mangwaro. Da na sauke gilashi ya ga ni ne, sai ya cire hula.

"Baba Sufeto! Ashe kai ne! Na ɗauka kwamishina ne."

Na ce, "Yau ba za a matsa da ni wurin masu shinkafa ba?"

Ya ce, "Haba Baba, wa ya isa?"

Eli ya zagaya ta sau biyu yana shafawa, ya ce, "Malam, wannan ai ba a shiga da zunubi." Matan zumunta suka yi guɗa. Na tsaya jikinta kusan rabin awa ina duban ƙofa, ko za ka shigo. Shekara shida ina shirya abin da zan faɗa maka. Zan ce, "Ƙane, Ladi ta warke daga tari." Ba ka zo ba, sai na faɗa wa Eli, shi kuwa bai gane ba.

Gaskiya, Silvanus, abin bai yi daɗin da na zata ba. Kamar mutum ya daɗe yana kwaɗayin nama, ran da aka dafa sai mura ta kama shi.

Bayan ɗaurin aure Eli ya roƙe ni in kai amarya gidan mijinta a nan Kagarko, wai a ga 'yarsu ta zo da daraja. Da niyyata in koma da la'asar ta mararraba kamar yadda na saba, amma ba a ƙin irin wannan roƙo. Sun riƙe ni sai Talata. Yanzu muka fito daga sujada, na ce bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Wata mai zuwa zan hau Ungwan Tsauni da ƙafa, in sauko da Mama ta ga motar. Ita kam za ta yi murna.

Yayanka,
Bartholomew.


Legas,
27 ga Yuni, 1977.

Yaya Malam,

Na gaishe ka. Na iso Legas lafiya ranar Jumma'a. Yaya muka ji da haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da mu duka.

Kwana uku muka yi zaune a tabarma ɗaya a ƙofar ɗakin Mama, muna amsa gaisuwa, ba ka dube ni ba, ban dube ka ba. Ka gaya wa dattawa cewa takardata ta 26 ga Mayu sai ranar Laraba ta same ka, bayan an binne ta da kwana biyu, kuma ka tsaya a mararraba ranar Asabar ba ka ga kowa ba. Dattawa suka ce nufin Allah ne. Andrawus ya sunkuyar da kai. Ba wanda zai gaya maka sauran a fuskarka, domin kai babba ne. Ni ma da na yi niyyar yin shiru. Amma na dawo na tarar da takardarka ta Kagarko tana jirana a kan tebur, na karanta, na ga ba zan iya ba.

Suna nan, Yaya. Suna bayan ɗorawa.

Tun gari bai gama wayewa ba suka cire ƙyauren ɗakinta suka kwantar da ita a kai. Andrawus da maza uku suka sauko da ita cikin ruwan nan, matarsa Mildred tana biye da bargo da buta. Suka shiga duhuwa inda aka saba. Wajen ƙarfe tara farar mota ta tsaya, ba ƙara, ba a ganin na ciki. Andrawus ya ce kowa ya kwanta, masu neman gunki ne suka zo dominsa. Sai aka danna hon.

Mildred ce ta ba ni wannan, tana kuka. Ta ce Mama ta buɗe ido ta ce, "Bartho ne. Ku fita."

Andrawus ya ce, "Mama, wannan fara ce. Kuma Ladi ba ta zuwa shiru."

Ta ce, "Ban ce Ladi ba ce, na ce Bartho ne. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Hannunsa ne."

Ya ce, "Zazzaɓi ne ke sa ki ji haka. Silvanus ya ce mu jira Ladi."

Aka sake dannawa. Mildred ta yunƙura za ta tashi, ya riƙe mata zane. Ta ce da ƙofar motar ta buɗe, ko ƙafa ɗaya suka gani, da sun gane ka. Suna cikin gardama a raɗa motar ta tafi.

Suka zauna. Da rana lorin kasuwa ya wuce, ɗaya daga cikin mazan ya ce a tsayar, Andrawus ya ce na hana. Haka ne, na hana. Mama ta ce a bar shi, in ma Bartho ya wuce zai dawo da la'asar, bai taɓa fashi ba. Suka jira har rana ta yi ja, sannan suka sake ɗaukar ta suka hau duwatsu. Ta cika da safiyar Lahadi, ana buga ƙarfen sujada.

Mildred ba ta san motarka ba ce sai ranar da ta raka ka mararraba bayan zaman makoki. Ka tuna ta ɗora hannu a ka ta juya da gudu? Ka ɗauka kukan mutuwa ne.

Ba don in ɗora maka na rubuta ba. Kowa yana da nasa kaso. Andrawus ya fasa kan yumɓun nan da gatari ya zubar a rafi, ba ya magana da kowa. Ni kuma na karanta takardarka ta Afrilu, na ga ɗacin da ke ciki, amma na zaɓi in gaskata layi ɗaya da ya yi mini daɗi, har na gina saƙona a kansa. Da kuma ban yi wasan nan ba shekara shida da suka wuce.

Abu ɗaya kawai nake tambaya. Me ya sa ba ka aika ba? Ko yaron makaranta aka ba takarda, da ta isa.

Ƙanenka,
Silvanus.


Kafanchan,
5 ga Disamba, 1977.

Ƙanena Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya. Takardunka biyu na Agusta da Oktoba sun iso, na gode da ba ka gaji ba. Emilia tana nan. Jinina yana inda yake, na daina zuwa a auna.

Wata biyar ina neman amsar da za ta yi kyau a takarda. Na fara sau da yawa. A wata na zagi gidan waya, a wata na zagi Andrawus da tsoronsa na jahilci, a wata na zage ka. An koya mini rubuta rahoto yadda laifi zai sauka a kan wani, shekara talatin da ɗaya ina yi. Duk na yayyaga.

Ka tambaye ni me ya sa ban aika ba. Domin ina so in ga fuskarka ne a gindin mangwaro. Shi ke nan. Ba wani dalili bayan wannan. Emilia ta gaya mini in aika, na ce ta kula da gwiwarta.

Akwai abin da ba ka sani ba. Butar nan shuɗiya da na ce ta mai kiwo ce, ni na saya wa Mama a Kaduna, shekarar da na dawo daga Ingila. Murfinta ya ɓata, ta ɗaure bakin da tsumma. Na ga tsumman. Ina zaune cikin sanyi, hannuna a kan sitiyari, wani abu ya ce mini na san butar nan. Na dubi taɓo, na dubi takalmana, na dubi agogo. Na ce a raina buta ai buta ce. Taku ashirin ne daga ƙofar motar zuwa bayan ɗorawa. Na auna daga baya.

A Yuli na koma Jos neman Ladi. Ban san me zan yi da ita ba, na dai je. Dillalin ya ce, "Baba, ai ta daɗe da tafiya. Wani ya saya, ya yanke bayanta, tana ɗaukar dankali a kan dutse." Ya ce in ina da kuka da sabuwar in faɗa, a duba. Na ce ba ni da kuka. Gaskiya ce kuwa. Motar ba ta taɓa yi mini ko tari ba. Duk abin da aka ce tana yi, tana yi.

Har yanzu ina zuwa mararraba duk Asabar ɗin farkon wata. Shekaranjiya ma na je. Ina kashe mota, in sauka, in zagaya bayan ɗorawa in zauna a kan saiwa har azahar. Yanzu kowa ya san farar motar. Suna wucewa su gaishe ni da ladabi, "Sannu Baba Malam," amma ba wanda ya kawo mini mara lafiya tun Yuni. A watan Satumba matar ɗan Andrawus ta yi doguwar naƙuda, suka sauko da ita ranar Jumma'a suka tsayar da lorin katako. Da sun ƙara kwana ɗaya ina nan. Ba su ƙara ba, kuma ban ga laifinsu ba.

A Kwoi har yanzu ana ajiye mini gindin mangwaro. Ina kai motar baya, wurin masu shinkafa. Mutumin nan yana ta roƙona in dawo gaba, yana tsammani fushi nake yi da shi.

Ka ce in zo Legas Kirsimeti mu huta. Ba zan zo ba, amma ba don ina riƙe da kai ba. Maganar majami'a ta mutu. Na neme ta a zuciyata in ji ko da sauran zafi, ban same ta ba, kuma na yi mamakin ƙanƙantar abin da na yi shekara shida ina goyo.

Ka gaida Roseline da yara. In ka rubuta wa Andrawus, ka gaya masa ba shi ba ne. Shi ya kasa dubana, ni ma na kasa dubansa.

Ta san hannuna a kan hon ɗin motar da ba ta taɓa gani ba. Ni na ga butarta ban sauka ba. Mama Martha, wadda ta goya ni, ta jira ni a kan ƙyaure daga safe har faɗuwar rana, ta rasu ranar Lahadi, biyar ga Yuni, ba ta ga asibiti ba.

Yayanka,
Bartholomew.